Finjalin da Aka Ajiye a Karak

Zuwa ga Nijma, kurciyar kan ganuwa, inabin da ya nuna a kan dutse, sanyin da ke tasowa daga Tekun Gishiri da la'asar.

Ina rubuto miki daga Kuwait, hannuna duk siminti, zuciyata kuwa ba lafiya. Ƙanena Salama ya ce ya ga waɗansu dattawa sun je gidanku nema wa ɗansu aurenki, mahaifinki ya zuba gahawa, babbansu ya ajiye finjalin a ƙasa, ba zai sha ba sai an ba shi amsa. Daga nan wai aka kira Salama, bai ga ƙarshe ba. Salama da ba ya barin taro sai an kwashe tabarmi? Me yake ɓoye mini? Ke ma me ya sa saƙonki na ƙarshe duk labarin ruwan sama ne?

Kin tuna ranar da muka fito coci muka hau kagara? Kika nuna mini ganuwa, kika ce a nan, a zamanin da, sa'ad da ake kiran garinmu Kir-hareset, sarkin Mowab ya miƙa ɗan farinsa hadaya da sarakuna suka kewaye shi, don kada birni ya faɗi. Kika ce mutanenmu ba sa buɗe ƙofa. Na yi dariya, bakina cike da zabibinki. Yanzu ba na dariya. Birnin ya tsira, amma da me aka saye shi? Yau da aka kewaye ki, ni ne za a ɗora a kan bangon?

Ba zan yi miki zalunci ba, hasken idona. Na daɗe, na yi alkawarin dawowa ban dawo ba, kuma ban aiko dattawana ba. Amma na san mahaifinki: ba zai ce a sha ba sai ya shiga ciki ya tambaye ki. In an sha, ke kika ce a sha. Ba zan zage ki ba, ba zan ɓata sunanki a Karak ba. Gaskiya kawai nake roƙo.

Na zuba gahawa a finjalina, na ajiye a ƙasa kusa da katifata. Abokan ɗakina suna cewa na zautu. Su yi ta faɗa. Ba zan taɓa shi ba sai kin gaya mini ko nasu ya huce a ƙasa ba a sha ba.

Naki, ko kin buɗe ƙofa ko kin rufe,
Awda