Shi Ne a Kusa

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'Yar Lele da Inna. Ya haƙurin rashina? Ni dai kewa ta ishe ni.

Kin ce har yanzu ba ki gane abin da ya riƙe ni a nan ba. To, saurara. Sinadari nake narkarwa a kwalba, in ajiye inda ba mai taɓawa, ya yi ta daskarewa wata da watanni har ya fitar da ɗan lu'ulu'u kamar ƙwayar sikari. Sai in shiga ɗaki mai duhu, in haska masa leza, ina juya shi kaɗan-kaɗan. Hasken da ya dawo shi ke gaya mini inda ƙwayoyin cikinsa suka fuskanta. Tun suna taruwa kowace ke bin ta kusa da ita, kuma in sun daskare, shi ke nan.

Guda ɗaya tak ya fito mai kyau. Farfesa ya ce ranar da na gama auna shi, in haɗa kayana. Wuni nake yi ba mai ce mini ko sannu, sai fankar inji. Jiya na kama kaina ina yi wa kwalba hira, ki ji fa!

Mijinki,
Mai Tabarau

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar Inna?

Saƙonki ya iso. Wai 'Yar Lele ta fara magana, kuma ƙaninki take kira Baba? Kin rubuto abin kamar na dariya, ni ma na gwada yi, ta ƙi fitowa. Na bar ta ko zama ba ta iya ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Awon nan tafiyar hawainiya yake, don da haske mai rauni ake yi, lu'ulu'un ba ya jure zafi. Wata biyu, in ji Farfesa. Haba! Zan san dabarar da zan yi.

Naki,
Mai Tabarau

Uwargida,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya.

Dabarar tawa ta kashe ni. Ƙarfin lezar na ƙara don in gama da wuri. Ina kallo layin da ke kan kwamfuta ya miƙe, sannan ya faɗi. Da na kunna fitila, sai ga ɗigon baƙi a tsakiyar lu'ulu'un. Ya ƙone. Farfesa ko faɗa bai yi ba, kwalba kawai ya miƙo mini. Na zuba sabo, sai nan da wata biyar, in ya ga dama.

Na ji kin ce kina tsawata mata, kina nuna mata hotona har ta yi kuka. Don Allah ki daina. Yarinya ba ta yi laifi ba, kuma ƙaninki ya kyauta mana, ki gode masa. Ki bar ta ta kira shi Baba. Shi ne a kusa.

Mijinki mai kewarku,
Mai Tabarau