Mun Kai Turmin Gahawarki Gidan Zainabu

Yaya Hauwa,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma cewa za ki yi in ajiye biro in zo in faɗa da baki.

Dawa ta yi kyau bana. Akuyarki mai satar wake ta haifi biyu, duk halin uwarsu suka ɗauko.

Maganar 'yarki Zainabu ce ta sa ni rubutu. Bayan sallah mijinta ya mare ta, ta zo mini da kunci a kumbure. Yaya, ke ma haka naki ya fara. Kin tuna zuwanmu wurin 'yan sanda a garin Managil, suka ce maganar gida ce, a koma wa dattawa? Dattawa suka sha shayi, suka shafa fatiha, suka mayar da ke gidan mijinki. Ranar da aka tsamo gawarki daga tur'a, magudanar nan ta ban ruwa, mijinki ya ce santsi ne, alƙali ya ce babu shaida. Mijin naki yana nan yana yawonsa a kasuwa.

Wannan karon ban je ofishin kowa ba. Na ɗauki turmin gahawarki da jabanarki, butar nan ta yumɓu, na bi gida-gida ina kiran mata. Muka yi sallama, muka baza tabarmi a tsakar gidan Zainabu. Wa ya isa ya kori baƙin gahawa? Kullum da hantsi muna can. Dole mijin ya durƙusa ya gai da kowace gwaggo, ya kawo sukari, tsohuwa Kaltume kuwa ta kama haɓar Zainabu tana jujjuya fuskarta a gabansa kamar mai zaɓen tumatir. Wallahi har ya rame! Yanzu ko ƙofa a hankali yake rufewa. Ban ce ya zama waliyyi ba, shi ya sa turmin ke kwana a ɗakinta, don ya san gobe ma muna tafe.

Ban taɓa gaya miki ba, gahawarki ta fi tawa, girman kai ya hana ni faɗa. Ina kewarki ƙwarai. Me ya sa dabarar nan ba ta zo mana da wuri ba? Muka yi ta jiran masu kaki da masu rawani, alhali turmi na bayan ƙofa.

Zainabu na da ciki. In mace ce, kin san sunan.

Allah ya haskaka makwancinki. Gobe ma za mu je, kuma finjalinki na cikin faranti, ba mu cire shi ba.

Ƙanwarki mai surutu,
Asabe