Alkamar Uwarki

Zuwa ga 'yata Radostina,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya mai gidan naki? Ni lafiya lau, in ban da ƙugu.

Ƙugun ma ni na ja wa kaina. Ranar Talata na ɗauki tsani zuwa tashar jirgin ƙasa in liƙa takardar cikar uwarki shekara da rasuwa. Bishiyar da ake liƙa wa irin wannan takarda an sare ta, motoci ke yini a wurin, sai na manna a allon lokutan jirgi. Mai gadi ya ce, "Baba, ka rufe mana jirgin bakwai da hoton tsohuwa." Na juya in zage shi, tsani ya kama gabansa, ni ma na kama nawa.

Alhaki ne. Ni na bi gida-gida ina tara sa hannu a kawo tashar nan, da ajina huɗu na firamare. Na ce wa uwarki yara za su yi aiki a birnin Sofiya su kwana a gida. Ta ce, "Stamen, abin da ya iya kawowa ya iya kwashewa." Jirgin ya kwashe ku, ya zubo mana baƙi dubu tara da barci kawai ke kawo su. Gonar kabejin maƙwabcinmu yanzu bene ne mai hawa shida.

Addu'ar ranar Asabar ce. Ki zo.

Babanki,
Stamen

Radostina,

Ina gaishe ki. Ina fata aikin da ya riƙe ki ya yi sauƙi.

Na dafa alkamar sadakar mamaci da sukari, ta ɗan kama, kin san hannuna. A maƙabarta daga ni sai limamin coci, shi kuwa sabon zuwa ne, sau biyu yana tambayata sunanta. Litinin na kai tukunyar zuwa tasha da cokula. Mutum ɗari uku suka wuce ni. Wani ya ce, "Nawa ne, tsoho?" Wata ta ce ba ta shan zaƙi. Tattabaru suka ci, su kuwa ba su iya addu'a ba.

Uwarki tana bi na bashin bakin mutum ɗaya da ya san ta, ya ci, ya ce Allah ya gafarta wa Nedka. Nawa ba ya cikin lissafi, ni ne mai dafawa. Zan sake jiƙa wata ranar Juma'a. Daga wurinku zuwa nan minti ashirin da biyar ne a jirgi, ni na yi yaƙin a rage shi.

Ki gaida mai gidan.

Babanki,
Stamen