Yana Hanya

Ɗana,

Kada ka karanta wannan takarda a tsaye, ko kana tura keken kayan nan naka. Nemi wuri ka zauna, uwarka ce ke magana.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Da hannuna na rubuta, Auta za ta ɗauki hotonta ta turo maka, don a waya kullum katse ni kake yi, wai babu sabis.

Wata goma sha huɗu ke nan da ka fita zagaya duniya da gudu. Na yi makaranta, na san duniya a kewaye take, amma ba a koya mana cewa sai mutum ya taka ta da ƙafarsa ya tabbatar ba. Maƙwabta ba sa cewa kana gudu, cewa suke ka gudu.

Mahaifinka, tun da ɓarin jikinsa ya shanye bayan tafiyarka, daga gado sai kujera. Ni nake juya shi sau huɗu a rana. Na manta rabona da bakin titi. Da an taɓa ƙofa zai ce, "Shi ne?" Sai in ce, "Yana hanya." Ban yi ƙarya ba, ai a hanya kake. Amma shi ba haka yake fahimta ba, ni ma na sani.

Yaushe za ka dawo? Rana nake so ka faɗa mini, ba labarin duwatsu ba.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya jikin Baba? A zaune na karanta, wallahi.

Ba yawo nake yi ba, Mama. Kullum da safe sai na naɗe yatsun ƙafata da filasta ɗaya bayan ɗaya, in ɗaure tanti da jarkar ruwa a keke, in yi kilomita arba'in da biyar. Takalmi na tara nake ciki. Inda na tsaya, sai in yi alama da alli a jikin turken wuta in ɗauki hoto. Washegari daga nan zan tashi, ko taku ɗaya ba a tsallakewa, in ba haka ba masu rajistar tafiyar su soke ta gaba ɗaya.

Yanzu ruwa ya tafi da gadar da ke gabana. Kwanana goma sha ɗaya a wani ɗaki a saman shagon mai faci, tagarsa bango take kallo. Hawa da sauka nake yi a matakala don kada ƙafa ta mutu. Matar mai gidan ta ɗauka na haukace, ta fara ɓoye wuƙaƙenta.

Saura wata biyar. Ki ci gaba da ce masa ina hanya.

Ɗanki mai biyayya

Ɗana,

Bayan gaisuwa. "Mai biyayya" ka rubuta, na gani.

Na sa Auta ta nemo ƙa'idar masu rajistar nan ta karanta mini, sau biyu. An yarda mutum ya je gida saboda rashin lafiyar iyaye, ya koma kan allinsa ya ci gaba. Ba za a soke komai ba. Kwana goma sha ɗaya kana hawa matakala, alhali kwana biyu sun isa su kawo ka nan. Ba gada ce ta tsare ka ba. Faɗa mini abin da ya tsare ka, kuma ka tuna ni na koya maka magana.

Mahaifiyarka

Mama,

Ina gaisuwa. Gaskiya ne, na san da ƙa'idar tun farko.

Auta ta taɓa turo mini hotonsa, ana ba shi ruwa a cokali. Ranar na yi kilomita saba'in ban sani ba. In ina gudu, Baban da na bari a tsaye nake gani. In na shiga ɗakinsa, shi ke nan, wancan Baban ya tafi. Tsoro nake ji, Mama. Ki yafe mini.

Ɗanki

Ɗana,

Na amsa gaisuwarka. Ni ma tsoron nake ji, kuma da shi nake shiga ɗakin kullum.

Jiya ya sa na saka masa sabuwar riga, muka ja kujerarsa bakin ƙofa, wai wanda ke hanya tun bara ai ya kusa. Tun safe har rana ta juya. Sai na durƙusa na faɗa masa gaskiya: hanyar da kake kai ba ta gida ba ce. Can ya ce a mayar da shi ciki, iska ta yi yawa.

Laifin nan har da nawa. Saboda haka na kafa doka. Daga yau ba ni, ba Auta, ba gwaggonka, babu mai sake ce wa mahaifinka kana hanya. Duk safiya, kafin ka taɓa filastar nan, za ka kira shi ta bidiyo, ka dube shi, ka faɗa masa da bakinka inda kake da inda ka nufa.

Allah ya tsare.
Mahaifiyarka