A Cire Mini Haƙorin Makkan da Ban Saka Ba

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Koyon Arziki da Wayar Hannu,
Ofishin Aliero.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ya aiki, ya kuma fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Garba, ɗan asalin Gehuru, mahauci a kasuwar Jega shekara ashirin da uku. Da safe ina sayar da ɗanyen nama, da la'asar in hura wuta in yi balangu. Kai ba ka san ni da wannan sunan ba. A wurinku ni ne "Alhaji Garba Mai Manhaja". Na rubuto a fili ne saboda sau uku ina zuwa ofishinku ban samu ganinka ba. Kuma tunda a bainar jama'a aka ba ni arzikin nan, a bainar jama'a nake so a karɓe shi.

Bari in tuna maka yadda aka yi. A bana, bayan an cire albasa kuɗi sun shiga hannun manoma, kun shirya taron kwana biyu a Aliero. Kun ce za ku koya wa mutane haɗa ƙaramar manhaja, a saka ta a kantin manhajoji na waya, a yi mata talla, kuɗi su riƙa shigowa. Ni ba ɗalibi ba ne. Balangun da aka raba a rana ta biyu, ni na kawo shi. Ranar Juma'a ce, shi ya sa na sa shuɗiyar shaddata ta Sallah da niyyar in yi sallah a can. Na karɓi tirena ɗaya, na tsaya jiran na biyu. Rana ta take, inuwa ɗaya ce a harabar, ta dogon yaro, kuma farar motarka ta riga ni shiga. Sai na raɓa gefenta.

Nan ma'aikacinka Malam Nasiru ya same ni. Ya yaba balangu, ya miƙo mini wata babbar waya ya ce in riƙe, in yi murmushi, hoton tarihi ne. Na goge maiƙon hannuna na riƙe. Daga nan ya ba ni takarda da Turanci ya ce in sa hannu. Na ɗauka shaidar karɓar tire ce.

Bayan mako biyu na fito za ni kwata, sai na ga kaina jikin wata fosta a bakin tasha, na fi ƙofar shago tsawo. Tiren da ke hammatata ya zama kwamfuta. A ƙasa an rubuta: "Jiya mahauci, yau miloniya. Yana barci kuɗi na shigowa." A bakina kuma, nan gefen hagu, an dasa mini haƙorin zinariya yana walƙiya. Ranka ya daɗe, iyakar tafiyata gabas Zariya ce, ita ma rakiyar mara lafiya.

Ga abin da ya biyo baya, dalla-dalla.

Na ɗaya, ita manhajar. Ashe har kun haɗa wata da sunana kun saka a kantin. Matata Rabi ta sauke ta muka duba. Hoton saniya ne. In ka taɓa ta, ta yi kuka, sai tallar takalmi ta fito. In ka sake taɓawa, ta sake kuka. Shi ke nan. Saniyar ma ba irin tamu ba ce, wata dabbare-dabbare ce ba tozo ba ƙaho. Kukan kuwa, a matsayina na wanda ya tsufa cikin shanu, ina shaida maka ba na saniya ba ne, na maraƙi ne da aka raba da uwarsa. Da an tambaye ni da na faɗa kyauta.

Mutum goma sha huɗu ne suka sauke ta a lokacin, amma mutum sittin sun ba ta tauraro biyar. Wani malamin makaranta da ke sayen hanta a wurina ya fassara mini yabon da suka rubuta. Ɗaya ya ce saniyar ta canza masa rayuwa. Wata ta ce ta rage ƙiba saboda ita. Mutum ɗaya ne ya ba ta tauraro biyu, ya rubuta da Hausa cewa tana shan caji. Wannan Rabi ce.

Malamin ya kuma nuna mini cewa a bayanin manhajar kun cusa kalmomin da mutane suka fi nema, don duk wanda ya bincika ya faɗo kanta: fassarar mafarki, maganin basur, sakamakon ƙwallo, farashin taki. Na san wannan dabarar talla ce kuke koyarwa. Amma sakamakonta teburina yake zuwa. Wani dattijo ya taso tun daga Maiyama ya ce ya yi mafarkin yana ninƙaya cikin kunu, ya taɓa saniya sau arba'in ba ta fassara ba, don haka ya zo wurin mai ita. Na ce masa alheri ne, na ƙara masa da ƙashin miya ya tafi.

Na biyu, sana'ata. Da na shiga kara sayen dabba, dillalai kan taɓa juna, farashin sa ya tashi kafin in buɗe baki. Masu sayen nama kuma sun daina tayawa, sai dai su tsaya suna kallona, wai me mai kuɗi irina zai yi da canjinsu. Sarkin Fawa ya kira ni gefe, cikin mutunci, ya tambaye ni ko zan bar wa wani mabuƙaci teburina, tunda ni yanzu fawar nishaɗi nake yi. Samarin Dangamaji sun sa wa ƙungiyar ƙwallonsu sunana, sun aiko a gaya mini launin rigar da suke so. Dattawa shida daga Birnin Malam sun zo cikin manyan riguna kan maganar rijiyar burtsatse. Na rantse musu, na juye aljihuna a gabansu, goro rabi ya faɗo. Babbansu ya girgiza kai ya ce wa sauran: "Kun gani? Haka masu abin gaske su ke. Allah shi ƙara tawali'u." Suka shafa fatiha suka ce za su dawo bayan Sallah.

Tun daga ranar na gane ba ni da hanyar fita. In na sa tsohuwar riga, ɓoyewa nake yi. In na sa sabuwa, abin ya fara fitowa.

Na uku, waɗanda suka biya kuɗin rajista saboda fuskata. Wannan ya fi na baya nauyi a wuyana. Malam Isa, manomin albasa a Aliero, mutumin kirki ne, mun san juna tun muna samari. Ya sayar da buhunan da ya ajiye don jiran tashin farashi, ya shiga kwas ɗinku na biyu. Ya ce da ya ga hotona sai ya ce wa kansa, in dai Garba ya iya, to ba mai wuya ba ne. Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ce. Abin da ya fito da shi rago ne: in ka taɓa, ya yi kuka, tallar takalmi ta fito. Abokan karatunsa kuwa wani akuya, wani raƙumi, wani zabuwa. Wanda ya zo a makare ya tarar dabbobi sun ƙare, aka ba shi ƙadangare, wanda ba ya kuka, sai gyaɗa kai.

Yanzu duk ranar kasuwa su tara sukan zo su jeru a bencin da ke bayan teburina. Ba su zagi, ba su faɗa. Kowa ya fito da wayarsa yana taɓa dabbar ɗan'uwansa, wai an koya musu hakan na ɗaga manhaja sama a kantin. Layin mahauta ya koma kamar kara. Jira suke in gaya musu sirrin. Makon jiya sun kafa ƙungiya, suka naɗa ni uba. Malam Isa bai yi dariya ba ranar. Ya jira kowa ya watse ya ce mini albasa ta ninka kuɗi, kuma bai san da me zai sayi iri da man injin ban ruwa ba.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro: mahaifiyata. Inna tana Gehuru, ta haura saba'in. Tun rasuwar mahaifinmu ba ta da wani buri sai ta ga Ka'aba, kuma na sha yi mata alkawarin in Allah ya buɗa, ita ce gaba. Wata maƙwabciya ta ciro fostarku daga bangon tasha ta kai mata don a taya ta murna. Inna ba ta karatun boko, ba ruwanta da mota ko kwamfuta. Haƙorin ta gani.

Shekara ashirin, duk Juma'a, ina aika mata hanta da ɗan tozo a hannun direban garinmu. Juma'ar da ta biyo baya ƙunshin ya dawo ba a kwance ba. Na hau babur na tafi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na yi bayanin tire, da inuwa, da Malam Nasiru. Daga ƙarshe, ni da furfurata, na wangale baki a tsakar gida na ce ta duba da kanta. Ta sa aka kawo ni wajen haske, ta duba sama da ƙasa kamar mai sayen rago. Sannan ta ce cire shi na yi a hanya.

"Ba kuɗɗinka ni ka so ba, Garba," in ji ta. "Kat tai Makka kad dawo, ko bankwana ba ka yi man ba. Ko dabino guda."

Ta juya ta shiga ɗaki. Juma'a huɗu ke nan nama na dawowa. Ranka ya daɗe, mutane na dariya in na ba da wannan labari, ni ma wani lokaci nakan yi. Amma tsohuwar nan ta rame, kuma ban san kwana nawa suka rage mana tare ba.

Na biyar gajere ne. Kwanan baya wasu mutum biyu a kan babur, waɗanda ba wanda ya san su, sun tsaya a unguwarmu da rana tsaka suna tambayar gidan Alhaji Mai Manhaja. Wataƙila su ma mafarki suka yi. Amma ka san zamanin da muke ciki, ka san abin da ake yi wa wanda aka ce yana da kuɗi. Na kwashe Rabi da yara na kai su gidan iyayenta a Maiyama. In aka ɗauke ni, da me za a fanshe ni? Da tire biyu?

Kada a ce ban bi ta hanyar da ta dace ba. Zuwana na farko ofis a rufe. Na biyu aka ce kana taro a Birnin Kebbi. Na uku na sami Malam Nasiru, ya tarbe ni da fara'a har da lemo. Ya nuna mini takardar da na sa wa hannu, ya ce izini ne. Na tambaye shi, to ina kuɗin da ke shigowa ina barci? Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini: senti goma sha ɗaya, kuma ba a cirewa sai sun kai dala ɗari. Ya ce harkar na son haƙuri. Sannan ya yi mini albishir cewa za a rage mini rabin kuɗin babban kwas, ya kuma tambaya ko ina da farar shadda, don hoton farko ya karɓu sosai, ana son na biyu.

Don haka ga buƙatuna, kuma ba diyya a ciki.

A cire fostocin nan daga Jega da Aliero da Maiyama, har waɗanda ke bayan kekuna da waɗanda ke yawo a wayoyi. A cire sunana daga jikin saniyar. In kuna son barinta, ku bar ta, amma a gyara kukan.

A sa sanarwa a rediyo da Hausa, a kuma sa mai shela ya zaga ranar kasuwa, a faɗa ƙarara cewa Garba mahauci talaka ne. Ban taɓa zaton zan roƙi a yi mini wannan shelar ba, amma ga shi ina roƙo.

A kira Malam Isa da 'yan'uwansa takwas a gaya musu gaskiyar abin da dabbobinsu za su iya kawowa. Abin da ya dace a yi musu bayan nan, kai ma ka sani, ba sai mahauci ya koya maka ba. Lokacin shuka ba ya jira.

Ta ƙarshe, wadda in ita kaɗai za ka yi na gode: ka zo da kanka mu je Gehuru, da hoton asali a hannunka. Ni ta daina yarda da ni, amma tana girmama baƙo. Ka gaishe ta, ka zauna a tabarma, ka ce mata ɗanta bai je ko'ina ba. Ba zai ɗauke ka awa biyu ba, kuma abincin rana a wuyana.

Ba na gaba da sana'arku. Na ji ana cewa akwai masu ci da ita ta halal, kuma yaranmu na buƙatar abin yi. Allah ya ba ka masu koyo na gaske da abin koyarwa na gaske. Allah ya ja kwanan iyayenka in suna raye, ya ji ƙansu in sun rigaya. Allah ya sa a san ka da abin da kake da shi, ya kuma tsare ka daga sharrin abin da ba ka da shi.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Garba Na-Gehuru,
Layin Mahauta, Kasuwar Jega.