Sif ɗin Auren Hauwa

Laraba da dare, Ƙafin Maiyaki

Yau na je gidan ƙanwata Hauwa, na tarar sif ɗin ajiye tufafi da na haɗa mata na aure ya kumbura daga ƙasa, ƙofarsa ba ta rufuwa. Damina ɗaya kawai ya gani.

Ranar da na sayo katakon a Kano, irin na matsattsen garin itace, mai shagon ya ce na ƙasar Chana ya fi shigowa ƙasar nan, na Turkiyya kaɗan ne. Sai na ɗauki mai yawan, ban ko tambayi wanda ke jure danshi ba. Ni da na tsufa a aikin kafinta.

Hauwa ta ce, "Yaya, ba komai, da dutse nake tokare ƙofar." Ta damo min fura tana dariya. Na kasa sha.