Asun da Ya Fito Daga Adakar Inna

Zuwa ga Yaya Atiku, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya tare da iyali. Mu nan Wurno muna godiya, sai dai Inna, wadda jikin tsufa ya kwantar tun bayan girbin gero.

Zan faɗa maka abin da na gani, ba ƙari. Ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, Inna ta sa na buɗe adakarta, ta ce tana son ganin likkafanin da ta tsoma a zamzam shekarar da kuka yi aikin hajji tare. Yana ƙarƙashin bargon ulu. Da na ɗaga bargon na ɗauko likkafanin, sai wani ɗan asu ya tashi. Bai kai ƙwayar shinkafa ba, fikafikansa launin toka ne da ɗigo biyu baƙaƙe, bakinsu kamar gezar mayafi. Duk shekarun da na yi ina nazarin ƙwarin gonakin Goronyo, ban taɓa ganin irinsa ba, ko a littafi.

Yaya, abin da ya biyo baya ke yi mini nauyin rubutawa. Na saki likkafanin ya faɗi ƙasa, na bi asun har ƙarƙashin gado, na kife shi da kofin shayi. Ina tsammanin na yi murmushi. Da na ɗago, Inna ta riga ta jawo yadin da kanta, tana zura yatsa cikin hujojin da tsutsotsin asun suka yi. Ta tambaye ni, a hankali, mi na samu haka. Daga baya ta ce wa ƙanwarmu Halimatu Sa'adiya a yi masa faci kawai, wai ƙasa ba ta duba ɗinki. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma na ga tata lokacin da take ninke shi.

Roƙona shi ne ka sami wani yadin, ka tsoma shi a zamzam da hannunka, ka ba duk mai tahowa Sakkwato. Kada ka jira alhazan bana. Ban ga alamar jikinta zai jira su ba.

Ka gaishe mini da Adawiyya da Jafaru. Kawu Ɗahiru na Rabah yana gaishe ka.

Ƙanenka,
Sirajo

Gyara ɗaya: na rubuta cewa ina tsammanin na yi murmushi. Ba haka ba ne. Dariya na yi, Inna kuma ta ji.